Cikin da Kyalla Ba Ta Haifa Ba

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye da ke bakin hanyar mota. Yana da gona madaidaiciya, da mata mai suna Tabawa, da akuya guda ɗaya tak. Akuyar ja ce mai farin zane da ya zagaye cikinta kamar ɗamara, shi ya sa ake ce mata Kyalla.

Kyalla ba akuyar kasuwa ba ce. Ranar da mutumin nan ya yi aure, mahaifiyarsa ta jawo wata 'yar akuya da igiya ta damƙa masa a hannu, ta ce, "Ba ni da saniya, ba ni da fili. Ga wannan. Kada ka bari irinta ya ƙare a gidanka." Tsohuwa ta yi kwanakinta ta rasu. Akuyar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, har garke ya kai goma sha. Sai wata shekara ciwo ya shigo awakin gari ya yi ta ɗauka, a gidan nan Kyalla kaɗai ya bari. In ta haifi mace, irin tsohuwa ya ci gaba. In ba ta haifa ba, an rufe.

Mutumin yana ƙaunar akuyar nan ƙwarai. Amma akwai wani abu kuma da yake ƙauna, wato leda.

Kun san in mutum ya sayi abu a kasuwa, mai kaya yakan ɗan ƙara masa gyara. Wani ya ce a ƙara masa tumatir biyu, wata ta ce a ƙara mata barkono. Shi kuwa in mai gishiri ya ɗebo gyara zai zuba masa, sai ya ɗaga hannu.

"A'a, mayar da gishirinka. Ni gyarana leda."

Mai gishiri ya ce, "Ai na riga na ƙulla maka a leda, maigida."

"To sa ledar a cikin wata ledar. Ka ba ni ɗaya kuma in riƙe a aljihu."

Haka yake yi wa mai daddawa, da mai manja, da mai ƙuli-ƙuli, har mai allura. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa suna Gyarana, shi kuwa in an kira shi haka har wani gyara hula yake yi. A ganinsa mutumin da ya taho daga kasuwa da ledoji a yatsunsa goma, suna ƙaras-ƙaras, kowa zai san ya waye.

Duk ranar kasuwa Tabawa takan fito masa da kwando, da kwalba wankakkiya ta manja, da ɗan kwano mai murfi.

"Maigida, ga kwando."

"Ni da girmana in rataya kwando kamar mai tallan gauta? Ajiye kayan gadonki, Tabawa. Duniya ta ci gaba, ke kina nan kina wanke kwalba."

In ya dawo aka juye kaya, sai ya tattara ledojin, ya dunƙule, ya wurga ta kan danga zuwa bayan gida. Tabawa ta ce, "Ina suke zuwa?" Ya ce, "Iska ta san inda za ta kai su. Aikinta ke nan." Bai taɓa zagayawa ya duba ko iska ta karɓi aikin ba.

To, a ƙauyen nan da zarar an yi shuka, kowa yakan ɗaure dabbarsa a turke har a yi girbi, don kada a yi wa mutane ɓarna a gona. Turken Kyalla yana gefen gida a gindin wata bishiyar darbejiya, igiyarta kuwa doguwa ce, tana kaiwa har kusurwar bayan danga. Damina uku tana ɗaure a wurin.

Wata rana Tabawa ta je kai mata ruwa, ta tarar da ita tana taunar ledar gishiri. Ta fizge, ta shigo gida da ita a hannu.

"Maigida, dubi abin da na ƙwace a bakin Kyalla."

Ya duba, ya fashe da dariya. "Kin gani ko? Akuya ma ta waye, saura ke."

"Ba wasa nake ba. Gishirin take bi, da ƙanshin mai, ta haɗa da ledar ta haɗiye."

"Abin da ya shiga ta gaba zai fita ta baya. Ke kin taɓa ganin abin da ya gagari cikin akuya?"

Tabawa takan zagaya ta tsince wanda ta gani, amma ita ma tana da tata gonar gyaɗa, ga girki, ga ɗiban ruwa, shi kuwa hannunsa ba ya gajiya da wurgi.

A farkon damina ta huɗu, mutumin ya lura cikin Kyalla ya fara tasowa. Ya tsuguna ya leƙa ta hagu, ya zagaya ya leƙa ta dama, ya tashi ya yi tsalle kamar wanda kunama ta harba.

"Tabawa! Fito ki ga ikon Allah! Kyalla ta ɗauka!"

Ranar Lahadi a majami'a, da fasto ya ce ko akwai mai shaidar godiya, kafin ya rufe baki mutumin yana tsaye. Ya ce, "'Yan'uwa, ku taya ni murna. Akuyar mahaifiyata tana da ciki, kuma yadda na ga girmansa, tagwaye ne, in ma ba uku ba. Na yi alkawari a gabanku, ranar godiyar kaka zan kawo ɗaya a gaban Ubangiji da hannuna." Jama'a suka ce amin, matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Ya zauna yana waiwaye ya ga wa ya ji, wa bai ji ba.

Daga nan Kyalla ta zama amarya. Ya sayo mata dusa, ya jiƙa mata kanwa, ya riƙa yanko mata ɗanyar ciyawa mai laushi daga fadama. Sai dai ta ɗan taɓa ta kau da kai.

Tabawa ta ce, "Ba ta ci fa."

Ya ce, "Laulayi ne. Ke da kike da cikin fari, ba har tuwo kika ce yana miki wari ba?"

Wata uku, ciki yana ƙara girma, Kyalla tana ƙara ramewa. Wata huɗu, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, gashinta ya tashi, idonta ya faɗa. Tabawa ta tsuguna ta duba ƙarƙashinta ta ce, "Maigida, hantsarta ba ta sauko ba. Akuya mai wata huɗu, a ce nono ko alama?"

"'Ya'yan ne suke shanye komai ta ciki. Uku ne, na gaya miki."

Mutumin yana da taubashi mai suna Mato, ɗan kawunsa, mahauci ne a kasuwar garin. Tun suna yara ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Wata safiya Mato ya biyo ta ƙofar gidan, ya yi sallama.

"Ina Gyarana, sarkin leda? An ce za ka yi suna, na zo in ga mai jego."

"Shigo, mai warin tumbi. Amma ka bar wuƙarka a waje, kada ka tsorata mini baƙi."

Suka je turke suna dariya. Mato ya dubi Kyalla, sai dariyarsa ta tsaya. Ya durƙusa, ya sa tafin hannu a gefen cikinta na hagu, ya danna. Ya sake dannawa. Wurin da ya danna ya lotsa, bai taso da wuri ba. Ya kara kunne, ya daɗe.

"Taubashi, wannan ba ɗa ba ne."

"Ai na sani. 'Ya'ya ne."

"Ka bar wasa. Ɗa yana motsi, yana harbi. Wannan kuwa dunƙule ne a tumbi. Na sha buɗe irinsa a mayanka. Leda ce."

Fuskar mutumin ta canza. Mato ya ci gaba, "Har yanzu tana tsaye da ƙafafunta, akwai sauran dama. Akwai likitan dabbobi a birni, yakan tsaga ya ciro ya ɗinke, wasu suna tashi. Gobe in an wayi gari mu sa ta a mota, ni zan raka ka. Akuyar Gwaggo ce, ni ma ba na so ta tafi."

Ku ji fa abin da ya faɗo wa mutumin nan a zuciya a wannan lokaci. Ba Kyalla ce ta faɗo masa ba. Majami'a ce, da guɗar matan zumunta, da yadda ya tsaya ya ce tagwaye ko uku. Ya ga kansa ana sauke shi daga mota da akuya mai ɗinki a ciki, 'yan kasuwa suna tambaya, "Gyarana, me aka samu, mace ko namiji?"

Sai ya ce, "Ku mahauta ai haka kuke. Kowace dabba kuka gani, tsire kuke gani. So kake a tsaga ta, ta mutu, ka saye naman da araha."

Mato ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwarsa. "Ni ka gaya wa haka?"

"Kai na gaya wa. In ta haihu kada ka zo barka."

Mato ya dubi Tabawa da ke tsaye a bakin danga, ya ce, "Sai an jima, matar yaya." Ya tafi bai waiwayo ba.

Tabawa ta roƙi mijinta ranar nan, ta roƙe shi washegari. Ya ce in ta sake ambatar likita zai san bakinsu ɗaya da Mato.

Wata biyar ya cika, Kyalla ba ta haihu ba. Ya ce ya yi kuskuren ƙirga. Wata shida ya shiga, aka yanke gero, aka fara karyar dawa, fasto ya sanar cewa godiyar kaka Lahadi mai zuwa ce. Ranar Alhamis da hantsi, mutumin ya je turke ya tarar Kyalla a kwance, ta miƙe wuya tana nishi, tana cizon haƙora.

Ya sheƙo da gudu. "Tabawa! Naƙuda! Kawo tsumma, kawo ruwan ɗumi!"

Ya shimfiɗa buhu a bayanta, ya tsuguna yana jira. Yana shafa mata wuya yana cewa, "Yi ƙoƙari, 'yar tsohuwa, yi ƙoƙari." Rana ta take, ba ruwa, ba ƙafa, ba kai. Nishin yana raguwa. Kyalla ta ɗaga ido ta dube shi, ta mayar da kai ƙasa. A nan ne ya fara shakkar ko naƙuda ce.

Bai iya cewa a kira Mato ba. Tabawa ce ta yafa zane ta tafi kasuwa da kanta.

Mato ya zo da wuƙarsa. Bai yi tsokana ba, bai kuma ce na gaya maka ba. Ya taɓa kunnen Kyalla ya ji ya yi sanyi, ya ce, "Ba ta kai mota yanzu. In ba a yanka ba, za ta tafi a banza." Mutumin ya juya baya, ya dafa bishiya. Bai ga yankan ba, amma ya ji.

Da aka feɗe, ya matso da sauri, don har lokacin yana da ɗan sa rai. Ya ce, "Duba mahaifar tukuna." Mato ya duba, ya nuna masa. 'Yar ƙarama, a tsuke, ba komai a ciki. Ba ta taɓa ɗaukar cikin ba.

Sannan Mato ya tsaga tumbi. Abin da ya fito ya kai girman ƙwaryar dama fura, baƙi ƙirin, a murɗe kamar igiyar rijiya, mai tauri har wuƙa tana zamewa. Mato ya sa hannu biyu ya ɗaga shi da ƙyar, ya aza a ƙasa. Ya fara warwarewa. Baƙar leda, farar leda, ledar ruwan sha, wata a cikin wata, wata da ƙullinta har yanzu. Ɗan wurin da ya rage wa abinci a cikin nan bai fi tafin hannu ba. Duk dusar nan da ciyawar fadama, ashe ba ta da inda za ta sa su. Wata shida tana mutuwa da yunwa, abinci a gabanta, maigidanta yana yi mata barka.

Mutumin ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya yi mini wannan? Wane maƙiyi ne yake zubar da shara a wajen akuyata?"

Sai Mato ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Bayan dangarka ba hanya ba ce, taubashi. Ba mai bi ta nan."

Sai mutumin ya taka, ya zagaya kusurwar danga, wurin da ya yi shekaru bai leƙa ba. Ga su nan. Sun maƙale a ƙaya, sun naɗe a gindin kara, wasu ruwan sama ya binne su rabi, wasu suna lilo a reshe. Iyakar inda igiyar Kyalla take kaiwa kuwa, wurin a share yake tas, ko ɗaya babu. Ita ta share masa.

Ya zauna a ƙasa a wurin, babban mutum da furfura a gemu, ya rufe fuska da hula.

Naman bai yi auki ba, ƙashi ne da fata. Tabawa ta rarraba wa maƙwabta, shi ko romo bai taɓa ba. Ranar Asabar ya yini a bayan gida yana tsinta, ya cika buhu uku. Da yamma ya je gidan Mato ya tsaya a ƙofa, ya rasa ta inda zai fara. Mato ya fito ya ce, "Shigo mana, ka tsaya kamar baƙo." Ya ce, "Na yi maka mugun zato." Mato ya ce, "Wannan ya wuce. Da ma a ce ban haƙuri zai dawo da Kyalla."

Ranar Lahadi aka yi godiyar kaka. Wannan ya kawo damin dawa, wancan doya, wata kaza, wata kabewa. Mutumin ya kawo tiyar gero, ya ajiye, ya koma benci na ƙarshe. Ya shirya wa dariya, ya san gari ya ji labari. Amma ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyarsa, ta tsaya kusa da shi a bakin ƙofa bayan an tashi, ta ce, "Ni na raka uwarka kasuwa ranar da ta sayo kakar akuyar nan. Da kuɗin goron da ta daina ci wata uku ta saye ta." Ta dafa kafaɗarsa, ta wuce da sandarta. Da dariya aka yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta.

Na san wasunku sun fara lissafi, leda tana nufin zunubi, akuya tana nufin rai. Ku dakata. Da farko dai leda tana nufin leda. Wadda aka ƙulla maka ƙosai a ciki yau da safe, wadda kika sha ruwa kika yar a ƙofar majami'a kafin ki shigo. Minti nawa ta yi maka aiki? Daga wajen mai ƙosai zuwa bakinka. Amma za ta fi ka daɗewa a ƙasar nan. Ba ta ruɓewa kamar ganye, gara ba ta cinta, ƙasa ba ta karɓarta. In ba ta shiga cikin dabba ba, ta toshe kwata ruwa ya shigo ɗaki, ko ta bi taki zuwa gona ta shaƙe saiwar dawa. Allah ya danƙa mana ƙasa da dabbobi amana, mu lura da su. Akuya ba ta da bakin da za ta ce, maigida, cikina yana ciwo. Kai aka ba ido da hankali dominta.

Dangar nan kuwa, kowa yana da irinta. Ita ce inda ganinmu ya tsaya, muna zaton abin da ya tsallake ta ya bar duniya. Bai bar duniya ba, yana bayan gidanka, kuma wanda ya fi kusa da kai shi ne zai fara haɗiye shi. Haka leda take, haka baƙar magana take, haka kowane mugun hali da muke wurgawa muna cewa ba komai.

Amma ku lura da kyau, abin da ya fi ba ni tausayi a labarin nan ba wurgin ba ne. Ranar da Mato ya danna cikin, Kyalla tana tsaye, mota tana hanya, likita yana birni. Ubangiji ya aiko wa mutumin nan da gaskiya har gida, sau biyu ma, ta bakin matarsa da ta bakin ɗan'uwansa. Abin da ya hana shi karɓa shi ne ya riga ya tsaya a gaban jama'a ya cika baki. Ya gwammace ya rasa akuya da a ce ya yi kuskure. Ya kira ciwo albarka, don albarka ta fi daɗin faɗi a majami'a. Ba kowane abu da ya kumbura a gidanka ne ƙaruwa ba. In mai ƙaunarka ya ce maka zo mu duba, tashi ku duba, ko da za a yi maka dariya kwana biyu.

Saboda haka kada mu tashi daga nan mu ce kai, labari mai ban tausayi, mu sayi gyaɗa a leda a hanyar gida. In za ki kasuwa, ɗauki kwando ko jakar buhu. In za ka sayo koko ko wake da shinkafa, kwano yana gida, ba zai cije ka ba. Sabulu ɗaya, ashana ɗaya, hannunka ya isa, ka ce wa mai shago ya riƙe ledarsa. Wadda ta riga ta shigo gida a wanke a sake mora, in ta mutu a tara ta inda dabba ba ta kaiwa. Iyaye maza, da ku nake musamman, don na ga yadda kuke sunkuyar da kai. Riƙe kwando bai taɓa rage wa kowa gemu ba. Yau kuma kafin ku ci tuwon rana, kowa ya zagaya bayan gidansa ya duba da idonsa.

Mutumin nan ya tuba, kuma na gaskata Ubangiji ya gafarta masa, gama shi mai jinƙai ne. Bayan shekara biyu ya sayi wata akuya, fara, lafiyayya, tana haihuwa biyu-biyu. Baƙi in sun zo sukan yaba, su ce, "Kai, wannan iri mai kyau, a ina ka samo?" Yakan ce, "A kasuwa."

Gafara tana wanke mutum, 'yan'uwa, amma ba ta ta da akuya daga turke. Mai kunne ya ji tun tana tsaye.